Batirin kwabo, 9V ko AAA uku: wanne zai haska lu'ulu'un takobi?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya turo hoton takobin da ya sassaƙa da katako, na wasan kwaikwayon da ɗalibansa za su yi ranar bikin yaye su a Bauchi. A mariƙin ya dasa shuɗin lu'ulu'u na roba, ya ɗaura ƙananan ƙwayayen fitila na LED biyu a kan batirin kwabo CR2032 guda. Da dare a ɗaki yana ɗan ƙyalli, amma da rana a fili kamar ba a kunna ba. Tambayarsa ita ce ko ya ƙara irin wannan batirin, ko ya koma 9V, sannan yaya zai haɗa wayoyin.

Malam, sassaƙar ta yi kyau, Allah Ya ƙara basira. Ƙwayayenka lafiyarsu ƙalau, yunwa kawai suke ji. Ƙwan LED fari ko shuɗi, irin mai faɗin milimita 5 ɗin nan, yana son wuta wajen 3.2V, kuma cikakken haskensa yana fitowa ne idan ya sami 20mA (mA shi ne ma'aunin yawan wutar da ƙwai ke sha). Ja ya fi sauƙin kai, 2V ma ta ishe shi.

To CR2032 3V ne kacal. An yi shi ne don rimot ɗin mota da agogon cikin kwamfuta, abubuwan da ke tsotsar wuta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru. Da ka ɗora masa ƙwai biyu sai ƙarfinsa ya faɗi nan take, shi ya sa hasken ke fara kyau na ɗan lokaci sannan ya yi sanyi. Abin yabonsa guda shi ne ƙanƙanta: faɗinsa milimita 20, kaurinsa 3.2, daga nan ma sunan ya fito. Idan ka haɗa biyu ka sami 6V, hasken zai ƙaru, amma ba za su daɗe ba. Kuma tunda yara ne za su riƙe takobin, ka sani haɗiye wannan batirin haɗari ne babba ga ƙaramin yaro.

Shi kuwa 9V yana da ƙarfin da zai ja ƙwai biyu a jere, wato wuta ta fita daga ɗaya ta shiga ɗaya kamar ayarin raƙuma, abin da masu gyara ke ce wa siris. Biyun za su ci 6.4V, saura 2.6V, sai ka sa resista, wato 'yar abar da ke rage wuta, mai om 150 ta shanye ragowar. Zai yi haske sosai kuma zai daɗe. Amma kada ka ce za ka sa uku, domin uku na neman 9.6V, batirin bai kai ba, duk sai su dushe tare. Haka kuma idan ɗaya ya mutu, ɗayan ma ya tafi. Babbar matsalarsa a wurina siffarsa ce. Akwati ne mai faɗin kusan santimita biyu da rabi, sai ka faffaɗa mariƙin har ya daina kama da na takobi.

Ni da takobina ne, AAA uku zan sa. Sirara ne, idan ka jera su kai da gindi tsawonsu bai wuce santimita 14 ba, suna shigewa cikin guntun bututun roba na wayarin da za ka naɗe da fata ya zama mariƙi. Suna ba da 4.5V. A nan kowane ƙwai da layinsa za ka yi: doguwar ƙafar ƙwan ta tafi wajen alamar tarawa ta batir, gajeriyar ta tafi ɗaya ɓangaren, kuma kowane ƙwai ka ba shi tasa resistar mai om 68. Kada ƙyuya ta sa ka haɗa su duka a kan resista ɗaya, domin ƙwayaye ba sa shan wuta daidai, wani zai yi wa 'yan'uwansa handama ya riga su ƙonewa. Ko ka ƙara ƙwai suka zama uku, a haka 60mA suke ci, batir mai kyau zai kai ka awa goma har da ɗoriya, kuma idan ya ƙare kowane mai tireda yana da shi. Resista da makunni da dalma kuwa, ka leƙa wurin masu gyaran rediyo ta wajen kasuwar Wunti a Bauchi, ko ka cire a tsohuwar tocila. Na san wani zai ce a sa batirin 18650 na cikin fitilar caji. Yana da ƙarfi, amma idan wayoyinsa suka haɗu yana iya kama wuta, ban yarda da shi a abin da yara za su riƙa sara da shi ba.

Akwai kuma abin da ba ka tambaya ba, wanda hotonka ya nuna. Lu'ulu'un naka garau yake kamar ruwan gora, haske na ratsa shi ya wuce ne kawai, sai a ga ɗigo biyu masu ƙyalli sauran jikin duhu. Ƙwan milimita 5 shi kansa haske yake harbawa gaba kamar tocila. Ka goge kan ƙwan da takardar yashi mai laushi har ya yi dishi-dishi, ka goge bayan lu'ulu'un ma, sannan ka huda rami ka cusa ƙwayayen ciki ka cike da gam ɗin kyandir. Gam ɗin da kansa yana watsa haske. A ƙarƙashi ka shimfiɗa takardar azurfa irin ta naɗe abinci domin ta mayar da hasken waje, amma ka fara naɗe ƙafafun ƙwayayen da salatif, don wutar lantarki tana bi ta jikin takardar.

Duk da haka, idan a tsakar filin makaranta za a yi wasan da azahar, ranar Bauchi ba ta barin wani ƙwai ya yi fice. Ka roƙi shugaban makaranta a sa fitowar mai takobin a ƙarƙashin rumfa, ko a jinkirta ta zuwa bayan la'asar.