Shagon tura fim na bakin tasharmu

Masu tura fim uku ne a garinmu, nan ƙasar Gumel, amma wurin mutum ɗaya nake aika memorina: yaron da ya kafa rumfar kwano a bakin tasha, jikin mai shayi. Ni matar aure ce, ɗinkin hula nake yi, kuma ba na iya zaman ɗinki sai da waya jingine a jikin kwanon zare tana magana. Ƙanen maigidana ne ɗan aikena. Shagon kuwa nakan leƙa shi in za mu unguwa muna jiran mota. Farantan sola biyu a kan rufi, batir a ƙarƙashin tebur, kwamfutar da fuskarta ta tsage a gefe, sai allon katako cike da soket, kowace waya an manna mata takarda da lamba.

Kashi ɗaya na fim mai dogon zango naira 50 yake turawa, caji naira 100, in ka haɗa da yawa ya yi maka ragi. Wani zai ce ai a YouTube kyauta ake sakin yawancinsu. Haka ne, amma data ba kyauta ba ce, kuma sabis a gidanmu sai ka je bayan rumbu ka ɗaga hannu sama. Arewa24, da ta fara aiki a 2014, ita ta saba mana da bin shiri mako-mako, sai dai kallonta na bukatar dish da wuta, mu kuwa wuta sai mu yi kwanaki ba mu ga ƙyallinta ba. Faifan CD da ake saro mana daga Ƙofar Wambai a Kano tuni kasuwarsa ta mutu. Saura memori.

Abin da ya riƙe ni a wurinsa tsari ne. Kowane fim da jakarsa, kowane zango daban, kashi-kashi a jere da lamba. Wanda bai taɓa samun kashi na 14 a gaban na 12 ba, ba zai gane darajar wannan ba. A ɗaya shagon an taɓa yi mini haka: ina kallo na ga ana zaman makokin mutumin da ban san ya kwanta ciwo ba, can gaba kuma ga shi yana cin tuwo. Tun daga nan na sallame su.

Sannan yana sauraro. Duk sa'ad da aka kai memori sai ya tambayi yaron, "Me matar Yaya ta ce kan na jiya?" In aka ce masa na ce an cika jan rai, gobe sai ya haɗo mini da wani sabo ya ce in ɗanɗana kashi biyu, in bai yi ba kada in biya. Ya san ba na son na faɗa da bindiga. Ya san faccalata ba ta kallon komai sai na soyayya mai kuka. Ya san surukata, Inna, ba ruwanta da su duka, ita dai a sa mata marigayi Rabilu Musa Ibro. Tun Disamban 2014 Allah Ya yi masa rasuwa, amma a tsakar gidanmu har yau shi ke cin kasuwa. Hoton tsoffin camamar nan duk ya dushe, sauti na ƙara, Inna ba ta damu ba. Tana tsinkar zogale tana dariya har da hawaye, ta ce 'yan barkwancin yanzu ihu suke yi, shi kuwa ko shiru ya yi ya zaro ido ya gama da kai. Ban yarda da ita ɗari bisa ɗari ba, akwai yaran da ke ƙoƙari a gajerun bidiyo, amma maganar ihun gaskiya ce.

Ni ƙorafina kan masu dogon zango ne, kuma shi na fi aika masa duk da ba shi ya shirya su ba. Labarin da zai ƙare a kashi goma sai a ja shi zango biyar. A nuna mutum ya fito daga ɗaki, ya kulle ƙofa, ya shiga mota, maigadi ya buɗe get, mota ta fita, maigadi ya rufe get, duk muna zaune. Da labari ya ɗauko zafi sai a datse a sako tallan maganin gargajiya ko na fili. Kuma kowa a fim ɗin yana da bene da falo uku. Ɗan ƙauye in ya fito, to wawa ne mai hula a karkace, ko mai aikin gida da ba ta san firji ba. Faccalata ta ce ita gidajen ma take kallo, ta ga labule da yadda ake jera kujeru, talauci ai tana ganinsa a gida ba sai an nuna mata a waya ba. Mun sha yin musu a kan wannan har tuwo ya kusa kamawa. Na fahimce ta, amma har yanzu ina jiran ranar da za a yi fim a kan mace irin Inna ba don a yi mata dariya ba.

Samari kuwa, in ji ɗan aikena, fassarar Indiya ce ta cinye su. Benci biyu ne a gaban shagon, da magariba ba masaka tsinke, ana gardamar wane jarumi ya fi wane duka. A watan Mayun 2025, da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta dakatar da fina-finai 22 masu dogon zango saboda ba a kai mata su ta duba ba kafin a sake su, a bencin nan aka yi ta shari'ar, wasu na cewa gyara ne, wasu na cewa ana toshe wa matasa hanyar abinci. Mu a cikin gida tambayarmu ɗaya ce, yaushe ci gaban zai fito.

Yanzu laifin mai shagon. Bakinsa ba ya riƙe labari. Yana kallon komai kafin kowa, sai ya gaya wa yaro wanda zai mutu, yaro kuma ya shigo da sallama da labarin a baki. Na aika masa gargaɗi, ya ce a ba matar Yaya haƙuri, bayan mako ya sake. Yakan kuma cusa waƙoƙin da ban nema ba su cika mini wuri. Wanda ya fi damuna shi ne ba ya duba shekarun mai karɓa: yaro ɗan firamare ya zo da wayar uwarsa, abin da ya nuna shi za a tura masa. Wannan ya kamata ya gyara, don iyaye sun fara magana. Da damina in hadari ya kwana biyu sola ba ta ja, shago sai ya koma rabin aiki. Kwamfutarsa kuma memorin gari duka na shiga cikinta, ta taɓa sa wa nawa bairos ya cinye hotunan sunan 'yata. Ya nemi gafara, ya mayar mini da kuɗin ranar, amma hotuna sun tafi. Yanzu memori biyu gare ni, na fim daban, kuma shawarar da nake ba kowa ke nan.

Akwai abin da yakan tsaya mini a rai: naira 50 ɗin nan a aljihun mai shago take tsayawa, waɗanda suka sha rana suka ɗauki fim ɗin sai an kalla a YouTube suke samun nasu. Da za a samo hanyar da wani abu zai riƙa isa gare su, zan ƙara naira 20 ban yi ƙorafi ba. Faccalata ta ce ita ko sisi.

Mai son zuwa ya aika da hantsi, lokacin rana ta buɗe kuma layi bai taru ba. Ranar Alhamis kam a haƙura, 'yan kasuwar Maigatari ke cika wurin da caji tun asuba, memori sai ya kai la'asar bai dawo ba.