Ubuntu 24.04 a kan tsofaffin kwamfutocinmu na Damagaram

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta da aka saba, kuma Windows 11 ba ya hawa bisa ƙa'ida sai a kwamfutar da ke da guntun tsaro na TPM 2.0 da injin sarrafawa na baya-bayan nan. Yawancin kwamfutocin da ɗalibanmu ke saye a Zinder na hannu ne, sun sha aiki a wata ƙasa kafin su iso mana, saboda haka wannan sharaɗi ya bar da yawa daga cikinsu a baya. Shi ya sa na ga ya kamata a auna Ubuntu 24.04, wani tsarin sarrafa kwamfuta na dangin Linux da ake iya sawa a madadin Windows, wanda kamfanin Canonical ya fitar a watan Afrilu 2024 da alkawarin gyara na shekara 5, a ga ko zai iya ɗaukar nauyin.

Ta fuskar juriya, abin da ya fi burge ni shi ne mai kwamfuta zai iya saita lokacin da za a sabunta manhajojinsa, kuma mafi yawan sabuntawar ba ta bukatar a kashe a kunna. Wanda yake sayen intanet giga-giga, yana lissafin kowace jaka, ya san darajar wannan. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, tsarin ajiyar fayil na Ubuntu, wato ext4, yana riƙe da bayanin abin da yake cikin rubutawa, don haka yakan farfaɗo ba tare da rikici ba. Gaskiya kuwa NTFS na Windows ma yana da irin wannan dabara, kuma babu tsarin da zai kare na'ura daga zafin bazara da ƙurar hunturu idan ba a share ta.

A fagen rubuta manhaja ne Ubuntu ya yi wa sauran fintinkau a ganina. Harshen rubuta manhaja na Python yana ciki tun daga farko, kuma ɗalibi zai buɗe allon umarni ya rubuta sudo apt install build-essential git, kafin shayi ya huce ya sami kayan aikin harshen C da na adana tarihin aikinsa. Abin da ya koya a wannan allo shi ne zai tarar a manyan sabobin duniya, wato kwamfutocin da ke riƙe da shafuka da manhajojin intanet, domin tun Nuwamba 2017 duk kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da Linux suke aiki, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Wannan yana sauƙaƙa faɗaɗa aiki: ɗalibin Jami'ar André Salifou da ya gina manhajar rajistar makaranta a ɗakinsa zai iya ɗora ta kan saba ba tare da sake gini ko biyan kuɗin lasisi ba. Microsoft da kansa ya shigar da wani sashe mai suna WSL cikin Windows domin masu shirya manhaja su sami Linux a gefe.

MacOS yana da inganci, tushensa ma Unix ne, tsohon tsarin da Linux ya kwaikwaya, amma a kwamfutocin Apple kaɗai aka halatta shi, kuma farashinsu ya fi ƙarfin yawancinmu.

Ubuntu yana da nasa rauni. Fayil ɗin girkawa ya kai kusan giga 6, ko da yake mutum ɗaya zai iya sauke shi a kile (USB) a yi ta yawo da shi a halal. Word da Photoshop ba sa hawa kai tsaye, LibreOffice kuma, wanda ake amfani da shi a madadin Word, wani lokaci yakan karkatar da jadawalin takardar da aka tsara a Word, abin da mai shagon buga takardu a kusa da Kasuwar Dole ba zai lamunta ba. Irin wannan ya zauna a Windows. Wanda kwamfutarsa ke da RAM giga 4 kacal kuma, gara ya ɗauki Xubuntu, wani nau'in Ubuntu da ya fi rashin nauyi, sai dai gyaransa na shekara 3 ne, ya kuma fara gwada shi daga kile kafin ya taɓa abin da ke cikin na'urarsa.