Dashen haƙori a Katsina: abin da hoton ƙashi ya nuna bayan shekara biyu

Shekara biyu ke nan da aka dasa mini haƙori a gurbin turmin da na rasa a muƙamuƙin ƙasa, a wani asibitin haƙori mai zaman kansa da ke cikin birnin Katsina. Na jinkirta wannan sharhi da gangan, domin ba a ranar da aka ɗora farin haƙorin ake gane ingancin aiki ba, sai an ga yadda ƙashin da ke riƙe da ƙarfen titaniyom ɗin da ake dasawa a matsayin saiwar haƙorin ya zauna.

Ranar farko likitan bai yi gaggawa ba. Da ya ji ina da ciwon suga, sai ya tura ni gwajin jinin da ke nuna yanayin sugan na kusan wata uku, ya ce, "Malam, idan wannan bai daidaita ba, kuɗinka kawai za ka zubar." Ya tambaye ni ko ina shan taba, domin hayaƙinta yana rage jinin da ke isa ga dasashi, ya kuma bincika ko na taɓa yin ciwon dasashi mai cin ƙashi, tun da ƙwayoyin cutar da suka kayar da haƙorin asali ba sa jin kunyar na dashe. A lokacin huda ƙashin kuwa, ba su daina kwarara ruwan gishiri a wurin ba, abin da na ɗauka tsabta ce kawai, ashe sanyaya wurin suke yi, domin hudar tana haifar da zafi, kuma zafin da ya wuce digiri 47 a ma'aunin Celsius na minti ɗaya ya isa ya lalata ƙashi.

Inda suka gaza shi ne bibiya. Babu wanda ya kira ni bayan an kammala, sai da na fara ganin jini a buroshi, da ɗan wari a wurin, na taso daga Daura da kaina. Da aka duba, sai aka tarar da ragowar simintin da aka manna haƙorin da shi ya maƙale a ƙarƙashin dasashi, bai kai ƙwayar gero ba, amma ya tara ƙazanta har ƙashin ya ja da baya zuwa zaren farko na ƙarfen, wato layin farko na murɗin da ke jikinsa irin na sukurori. Likitan bai yi musu ba. Ya kankare shi, ya kuma nuna mini hoton ƙashin na ranar dashe da na wannan ranar gefe da gefe.

Ma'aunin da masana suka gindaya tun 1986 shi ne kada ƙashin ya riƙa raguwa fiye da milimita 0.2 a shekara bayan shekarar farko, kuma hoton bana ya nuna ƙashina ya tsaya inda yake. Zan iya tura ɗan'uwana wurinsu, da sharaɗin ya karɓi kwafin hotonsa na ranar dashe, ya kuma rubuta ranar komawa da hannunsa. Tawa tana bayan Babbar Sallah.