Gasa mai kyauta ko zaman gyaran zane: wanne zai fi raya zaurenmu?

Malama, tambayar da kika yi ita ce, tunda zaurenmu na masu zane a waya da kwamfuta ya yi sanyi har kwana uku kan wuce ba wanda ya turo aiki, wanne ya fi dacewa mu sa ƙarfinmu a kai: gasar wata-wata mai kyautar kuɗi, ko kuwa zama na mako-mako da kowa zai kawo zanensa a duba a gyara masa? Ni dai ina bayan zaman gyara, amma ba zan yi wa gasa rashin adalci ba, domin akwai abin da take yi wanda zaman gyara ba zai taɓa yi ba.

Idan ana maganar jawo sababbin mutane, gasa ce a gaba nesa ba kusa ba. Sanarwarta tana yawo daga waya zuwa waya, kuma duk wanda ya shiga sai ya ɗora aikinsa a Facebook ko Instagram ya ambaci sunan zauren. Zaman gyara kuwa abu ne na cikin gida, ba wanda zai ji labarinsa a waje sai in wani ya ba shi. Sai dai ya kamata mu tambayi kanmu ko kuɗin ne ke jawo mutane. Inktober, wanda mai zane ɗan Amurka Jake Parker ya fara a 2009 don ya horar da hannunsa, ba shi da kyautar ko sisi: zane ɗaya kowace rana har kwana 31 na watan Oktoba, kuma tun daga 2016 ake fitar da jerin kalmomin da kowa zai yi zane a kansu. Duk da haka masu zane daga ko'ina a duniya suna shiga kowace shekara. Abin da ke tara su shi ne maudu'i ɗaya da wa'adi ɗaya, kuma waɗannan biyun ba sa buƙatar mu yi karo-karo.

Ta fuskar abin da kowannensu ke ci, gasa tana cin kuɗi, zaman gyara yana cin lokacin gwanaye. Kyautar wata-wata daga aljihun masu kula da zaure za ta fito, kuma ranar da aljihu ya gaza aka tsallake wata ɗaya, waɗanda suka zo don kyautar za su watse. Lokacin gwanaye ma ba arha ba ne, amma ana iya raba shi, wannan mako wane, mako mai zuwa wance.

Inda gasa ta fi ba ni tsoro shi ne wajen hukunci. A zaurenmu akwai mai iPad da manhajar zane ta Procreate da alƙalamin zane a allo, akwai mai kwamfuta da manhajar Krita, akwai kuma yarinyar da ke zane da ɗan yatsa a manhajar ibisPaint a kan wayar yayarta bayan an gama aikin gida. In aka haɗa su a fage ɗaya kowane wata, mutum biyu ko uku ne za su riƙa karɓe kyautar, sauran su gane cewa 'yan rakiya ne su daina turowa. In kuma aka ce ƙuri'a ce za ta raba gardama, to an koma kamfen. Na taɓa zama a wani zaure da aka yi haka, a daren rufe ƙuri'a sai ga baƙi sun cika wurin, 'yan'uwa da abokan makarantar ɗaya daga cikin masu takara, suka jefa ƙuri'arsu suka fice kafin gari ya waye, kuma wadda kowa ya san ta fi iya zane ba ta sake turo komai ba. Ga kuma matsalar ƙirƙirarriyar basira. A 2022, a bikin baje kolin jihar Kolorado ta Amurka, wani mai suna Jason Allen ya zo na ɗaya a rukunin zanen kwamfuta da hoton da ya samar ta hanyar Midjourney, manhajar da ke ƙirƙiro hoto daga umarnin da aka rubuta mata, abin da ya tayar da ƙura tsakanin masu zane a duniya. Duk gasar da za mu sa kuɗi a cikinta dole mu nemi shaidar aiki, wato bidiyon da ke nuna zanen tun daga layin farko, wanda ibisPaint da Procreate ke naɗa da kansu, Krita ma ta samu hanyar naɗarsa tun fitowar siga ta 5 a ƙarshen 2021, ko kuma ainihin fayil ɗin da ke ɗauke da zanen falle-falle, wato kowane sashe na zanen a shimfiɗarsa daban, ɗaya a kan ɗaya.

A zaman gyara ba wanda zai kawo hoton na'ura, domin ba abin da zai samu. Bari in kwatanta yadda nake nufin zaman ya kasance. Wani ya turo zanen mahayi a hawan Daushe, ya ce shi dai ya ga dokin bai zauna ba amma ya rasa dalili. Mai gyara ba zai tsaya a "Masha Allah, ya yi kyau" ba. Zai ɗauki kwafin zanen, ya buɗe sabon falle a kai, ya ja jan layi ya nuna cewa gwiwar ƙafar baya ta lanƙwasa ta inda ƙafar doki ba ta lanƙwasawa, sa'annan ya nuna cewa hasken da ke kan rawanin daga dama yake zuwa alhali inuwar dokin ma dama ta faɗi. Minti goma ne, amma duk wanda ke kallo ya ƙaru, har waɗanda ba su ce uffan ba. Gasa tana gaya wa mutum cewa bai ci ba, ba ta gaya masa dalili.

Zaman gyara ma yana da ciwonsa, kuma ciwon namu ne na gida: kara. Muna jin nauyin gaya wa mutum aibin aikinsa a bainar jama'a, musamman in ya girme mu, wasu kuma in suka tashi gyara sai su yi kamar suna da tsohuwar gaba. Maganin da na ga yana aiki shi ne mai zanen ya fara faɗin abin da yake so a duba masa, mai gyara kuma kada ya wuce abu biyu, kuma ya nuna da layi maimakon ya yi ta bayani da baki. A kuma riƙa turo aiki a matsayin fayil, domin WhatsApp yana matse hoto har ƙananan layuka su dusashe. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko, ba su da yawa, kuma abin da ya haɗa su shi ne zama suna muhawara kan yadda za su haɗa fasahar da ake koya musu da ta gargajiyarsu.

Akwai abu ɗaya da ya shafi hanyoyin biyu. Wasu daga cikinmu ba sa zana mai rai saboda fahimtarsu ta addini, don haka duk maudu'in da za a bayar ya zama mai faɗi. In aka ce "Ƙofar Mata", mai so ya zana masu rini, wani ya zana karofi da shuni da yadin da aka shanya, wani kuma ya tsaya a kan adon bango da dagi.

Shawarata ga masu kula da zaure ita ce mu fara zaman gyara kowace Asabar bayan sallar isha'i, aiki uku kacal a kowane zama, tare da maudu'in mako wanda ba kyauta a kansa. Gasa kuma a bar ta sau biyu a shekara, bayan ƙaramar sallah da bayan babba, a raba masu waya da masu kwamfuta, alƙalai uku su yanke hukunci, kyautar ta zama alƙalamin allo ko data maimakon tsabar kuɗi. Na ɗauki nauyin zaman farko. Mai son a duba aikinsa ya turo kafin daren Alhamis.