Gargaɗi ga masu neman hedifon ɗin filana: kada a cinye muku kwanakin mayar da kaya

'Yan'uwa masu son sauraro a gida, raina a ɓace na zauna rubuta wannan. Akwai wani mai sayar da hedifon a intanet da yake damfarar mutane da sunan filana, wato irin hedifon ɗin nan da ake rubuta wa planar magnetic a jikin kwali. Ni ya cuce ni. Da na fara magana, mutum biyu suka same ni da labari irin nawa, har kalmomin da ya rubuta musu su ne ya rubuta min. Ba zan kama suna ba, domin sauya shi yake yi kamar riga. Hanyarsa ce ba ta sauyawa, ita zan bayyana muku.

Tallarsa tana ɗaukar ido. Hotuna tsaf, kofunan kunne manya-manya, raga a bayansu, kushin mai kauri. Ya ce daga masana'antar da take yi wa wani babban kamfani aiki aka fito da su, tambari kawai aka cire, shi ya sa kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin uku na asalin ba. Ya liƙa zanen awon sauti, layi miƙe santal tun daga ƙasa, wai alamar kowane sauti, mai kauri da siriri, yana fita daidai. A ƙarƙashi kuma ga yabon masu saye jere. Da na nuna ina so, ya nemi in tura masa kuɗi kai tsaye, wai zai rage min abin da dandalin saye da sayarwar da ya sa tallar a kai yake cira. Na ƙi. Na biya ta dandalin, inda mai saye yake da kwana 14 na mayar da kaya. Na ɗauka na toshe ƙofar cuta, ashe ya tanadi wata.

Kafin in ci gaba, bari in faɗi abin da ya raba filana da sauran hedifon, don duk damfarar a kansa aka gina ta. Hedifon na yau da kullum ƙaramar lasifika ce: naɗin waya a tsakiya, an manna shi da wani ɗan faifai mai tudu, maganaɗisu ɗaya yana tura naɗin, naɗin yana jan faifan. Filana ba haka yake ba. Tantani ne shimfiɗaɗɗe, ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, an zana masa layukan ƙarfe masu lanƙwasa, galibi na alminiyam, an ɗaure shi a gaban jerin sandunan maganaɗisu, wani lokaci ta fuska ɗaya, wani lokaci ta fuska biyu. Idan lantarki ya bi layukan, kusan duk faɗin tantanin ne yake motsawa tare. Daga nan ake samun abin da masoyansa suke nema: bes, wato sautin ƙasa mai kauri, mai zurfi da ba ya dagulewa, da sauti mai tsabta ko an ƙara murya. Ba sabon abu ba ne. Kamfanin Wharfedale na Ingila ya fitar da nasa a 1972, Yamaha ta fitar da HP-1 a 1976, sannan kamfanonin Hifiman da Audeze suka farfaɗo da shi wajajen 2009.

Wannan ginin yana zuwa da halayensa, kuma kowa ya karanta ko da kaɗan ne ya san su. Filana yana da nauyi saboda maganaɗisu. Da yawansu suna son amfilifaya, wato na'urar da take ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya shiga hedifon. Bes ɗinsu ya dogara da yadda kushin ya rufe kunne. Duk gaskiya ne. Mutumin nan ya haddace su, kowace ya mayar da ita uzuri.

Ranar da kayan ya iso, na ɗaga shi na ji nauyi, hankalina ya kwanta. Na san Sennheiser HD 600, wanda ba filana ba, giram 260 ne. Hifiman Sundara giram 372. Audeze LCD-X ya haura giram 600. Nawa da na ɗora a sikeli ya ba ni giram 520, na ce to, maganaɗisu ne. Amma da na saka, sautin ya fito a shaƙe, kamar mai magana ta bayan bargo. Bes ɗin yana kumburi a wuri ɗaya sannan ya ɓace, muryar mawaƙi kuma ta karkata hagu. Na rubuta masa a daren. Amsarsa cikin ladabi: “Yallaɓai, ai filana ne, waya ba za ta iya tuƙa shi ba, sai ka haɗa da amfilifaya.” Na ce ina da ita. Ya ce tawa ba ta da ƙarfi, shi yana da wadda ta dace, zai yi min ragi. Ban saya ba, na aro babba a wajen aboki, kwana uku suka tafi a haka. Murya ta ƙaru, shaƙewar tana nan.

Ku lura da wannan. Akwai filana masu wuyar tuƙi da gaske, irin tsohon Hifiman HE-6 da ƙarfin jinsa, wato yawan muryar da yake bayarwa da wuta kaɗan, desibel 83.5 ne kacal. Amma Sundara desibel 94 ne, ƙaramar amfilifaya ta tebur ta ishe shi. Kuma ƙarancin wuta yana sa murya ta yi ƙasa ko ta fashe idan kiɗa ya yi ƙarfi. Ba ya karkatar da sauti gefe ɗaya a kowace na'ura aka gwada.

Uzuri na biyu shi ne kaina. Ya tambaya ko ina sa tabarau. Na ce ina sawa. Ya ce to shi ke nan, ƙafar tabarau ce take buɗe kushin iska tana fita. Wannan ma akwai gaskiya a cikinsa, don kafa kaɗan tsakanin kushin da fata tana sauya bes, zurfinsa ya ragu. Na cire tabarau, na gyara gashi, na sauya zaman kofunan. Babu abin da ya gyaru. A nan ne ya jefo babbar igiyarsa: “Yallaɓai, sabon tantani a ɗaure yake, sai ya yi awa 200 yana kiɗa kafin ya saki. Ka yi haƙuri, idan bai gyaru ba ni da kaina zan karɓa.”

Ku yi lissafin da ban yi ba a lokacin. Awa 200, ko an bar shi dare da rana ba hutawa, kwana 8 ne da awa 8. Wanda yake kunna shi awa 10 a rana, kamar yadda na yi, sai ya kwana 20. Ni kuwa kwana 14 gare ni, shida sun riga sun tafi a kan amfilifaya da tabarau. Ranar da awannin suka cika na rubuta masa, shiru. Na je dandalin, aka ce wa'adi ya wuce. Maganar cewa hedifon yana sakin jiki da amfani tsohuwar muhawara ce, har wasu kamfanoni na gaske suna ambatarta a takardar kayansu. Abin da na tabbatar shi ne, sauyin da ake samu ɗan kaɗan ne, yawancinsa ma daga kushin ne da yake laushi da kunne da yake sabawa. Babu awannin da za su daidaita hagu da dama, babu waɗanda za su haifar da bes ɗin da babu shi.

Da na fid da rai na kwance shi. Abin da na gani har yanzu yana min ciwo. Sandunan da ake hangowa ta raga roba ce aka shafa wa fenti ruwan azurfa. A bayansu ga 'yar lasifika zagayayya, milimita 40, irin ta hedifon mafi araha. A cikin kowane kofi an manna faranti biyu na baƙin ƙarfe da gam. Nauyin da ya kwantar min da hankali ke nan. Wani ya zauna ya auna ƙarfen nan, ya manna, don ya san mai neman filana da hannu yake fara gwadawa.

Ƙarfen nan kuwa jiki ne yake biyan kuɗinsa. Kamfanonin da suka san aikinsu suna fama da nauyi ta hanyar raba shi: madauri mai faɗi da yake kwanciya a kan kai gaba ɗaya, matsi daidai gwargwado a gefe, kushin mai zurfi da kunne zai shige ba tare da ya taɓa ragar ciki ba. Hedifon mai giram 500 da aka tsara da kyau ana iya zama da shi awa biyu. Nawa madaurinsa siriri ne, duk nauyin ya taru a tsakar kai, cikin minti 20 wajen ya ɗau zafi, wuya ya sage, muƙamuƙi ya gaji saboda matsi. Kushin ɗin faɗi gare shi amma ba zurfi, kunnena yana gogar roba. Kafin wata ya cika fatar bogin ta fara saɓulewa. Na yi masa wannan ƙorafin tun farko, ya ce haka filana yake, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ƙarya ce. Nauyi halin filana ne, ciwo kuwa halin mugun aiki ne, kada wani ya haɗe muku su.

To ga abin da nake roƙonku. Duk gwajin da za ku yi, ku yi shi a ranar farko, kuna ɗaukar bidiyo tun daga yanka kwalin. Ku haska tocila ta bayan raga ko ta cikin kofi. Filana na gaske za ku ga tantani a shimfiɗe yana ƙyalli, da layukansa na ƙarfe a jere, da sandunan maganaɗisu a layi ɗaya da su. Idan kuka ga ɗan tudu zagayayye a tsakiya, wannan lasifika ce ta yau da kullum. Girma kaɗai ba hujja ba ne, domin na Audeze LCD ya kai milimita 106, na Fostex T50RP kuwa ƙarami ne, kuma dukansu filana ne. Fasalin za ku duba. Amma don Allah da ido kawai. Kada ku tsokana, kada ku hura masa iska, kada ku kusantar da sukundireba, maganaɗisun zai iya fizge ta ya huda tantanin, ku lalata kaya mai kyau da hannunku.

Sai gwajin kunne. Ku saukar da murya ƙasa, ku kunna sautin gwaji mai hawa a hankali daga Hz 20, wato sauti mafi kauri, zuwa siriri, akwai su kyauta. A filana mai lafiya da ya zauna daidai a kai, za ku ji gurnanin ƙasa tun wajajen Hz 30, yana tafiya sumul. Ku saurari zizar da ba ta cikin sautin. Wani lokaci gashi ne ya shiga, wani lokaci tantanin ne ya sami rauni. Daga nan ku sa muryar mutum ɗaya yana magana, ya kamata ta tsaya a tsakiyar kai. Idan ta karkata, ku juya hedifon ɗin, na hagu ya koma dama. In karkatar ta bi kofin, laifin kayan ne. In ta tsaya inda take, kunnenku ne. Wanda yake da na'urar awon lantarki ya auna ohm ɗin kowane ɓangare, wato juriyarsa ga lantarki, lambobin biyu su zo kusa da juna, kuma kusa da abin da aka rubuta a kwali. Sannan ku zauna da shi awa guda cur, ba minti biyar ba, don jiki magayi ne. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, ku buɗe ƙorafi a dandalin a ranar, ko da kuna ci gaba da magana da mai sayarwa. Kada hirar ta fita daga dandalin zuwa wata manhaja.

Masu sayen na hannu ma su yi hattara. Ɗaya daga cikin mutum biyun da suka same ni, nasa filana ne na gaske, amma ɓangare ɗaya an sauya masa tantani da wanda bai dace da ɗan'uwansa ba, kushin kuma na bogi. Shi ma awa 200 aka ce ya jira. Kafin ku biya, ku nemi bidiyon kayan tare da takarda mai ɗauke da kwanan watan ranar, da lambar da aka buga a jikinsa, da rasit na asali. Ku tambayi kamfanin ko lambar tasu ce, ku tambaya ko garantin yana bin mai saye na biyu, domin ba kowane kamfani ne yake yarda ba. Hotunan tallar kuma ku bincika su a intanet. Na yi haka daga baya, na tarar da hotunan nasa a wasu tallace-tallace uku masu sunaye daban, zanen awon sautin kuwa na wani hedifon ne dabam aka goge sunansa.

Na kai ƙara da hotunan abin da na gani a ciki, aka rufe shafinsa. Bai yi sati biyu ba ya dawo da sabon suna, da hotunan nan dai, da maganar masana'anta da cire tambari, da yabon masu saye da aka rubuta duk a rana ɗaya. Na sake kai ƙara, ina jiran amsa. Idan akwai wanda ya karɓi irin wannan kayan a 'yan kwanakin nan, aka ce masa ya bar shi yana kiɗa, ya kashe kiɗan ya duba kwana nawa suka rage masa, ya ɗauko tocila yau ɗin nan.