Filin ajiye mota na kusa da Kwari: ɗari biyar ɗina ba ta tafi a banza ba

Sau biyu a wata nake tasowa daga Gumel in zo Kantin Kwari sarin atamfa da shadda. Ciniki bai taɓa ba ni wahalar da neman wurin ajiye mota yake ba ni ba. Wanda ya san titin IBB da hantsi ya san zancen: ga 'yan adaidaita, ga masu kura, ga 'yan dako da dila a ka. Ka kuskura ka tsaya a bakin titi, jami'an KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, na nan, tun 2012 aikinsu ke nan, kuma ban ga laifinsu ba.

Wata abokiyar sarina ce ta nuna mini wani fili mai katanga da ƙofar ƙarfe, tafiyar minti biyar zuwa cikin kasuwa. Naira 500 wuni guda, da rasit. Mai gadin dattijo ne, Baba kowa ke ce masa. Da na fito zai ɗora kwali a kan gilashin gaba saboda rana, ya ce, "Hajiya, a sauke gilashi kaɗan, kada zafi ya yi ɓarna." Wata takwas ke nan, ko madubi ba a taɓa kwance mini ba.

Amma fa akwai gyara. Babu rumfa, babu banɗakin mata, da damina kuwa sai kin tattare zani. In wuri ya cika, mota bayan mota suke jerawa. Ranar nan wani mai Sienna ya tare ni ya tafi sallar la'asar da makullinsa a aljihu, na yi kusan awa guda ina zaune a kan dilata.

Wata rana da sanyi na yi sammako sosai, na tarar da tabarmi da kwalaye shimfiɗe a gindin katanga. 'Yan dako ne da wani tsoho makaho. Ashe bayan isha'i Baba ke buɗe musu, da asuba su share filin su watse. Na ce, "Baba, mai wurin ya sani?" Ya ce, "Ya sani, Hajiya. To ina za su?"

Tambayar ta tsaya mini a rai. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, tashoshin mota, banɗakunan jama'a da gidajen gajiyayyu, duka a jeri ɗaya. A Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kasonsu na kuɗin asusun tarayya kai tsaye. Ina son in ga ranar da kasafin wata ƙaramar hukuma zai ware wa makahon can ɗaki.

In za ki je, ki isa kafin ƙarfe tara, ki nemi layin bakin ƙofa, kuma ki riƙe canji, don Baba ba ya karɓar taransifa.