Littafin labaran dabbobi da na saya wa yarona mai in'ina

Saboda ɗana na sayi littafin nan. Shekararsa 7, yana da in'ina, kuma tun da 'yan ajinsu suka fara kwaikwayon maganarsa ya daina ɗaga hannu in malama ta yi tambaya. Da na ga an rubuta a bango cewa labaran dabbobi ne guda 6 masu koya wa yara son kansu yadda aka halicce su, ban yi wata-wata ba na biya.

Daren farko na yi da-na-sani. Sun buɗe da tsohon labarin nan da marubuci Hans Christian Andersen, mutumin Denmak, ya fitar a 1843: ɗan tsakon da aka ƙyanƙyashe cikin 'ya'yan agwagwa, ƙato, toka-toka, kowa na tsangwamarsa har ya gudu. Ya ci wuyar hunturu shi kaɗai, da sanyi ya wuce ya leƙa ruwa, ashe shi ba agwagwa ba ne, farin tsuntsun nan ne mai dogon wuya da ake kira suwan. Ina ta kashe murya ina karantawa, ni a dole na samo magani. Na kai ƙarshe, yaro ya yi shiru, can sai ya ce, "Umma, to da bai zama kyakkyawa ba fa?" Sai da ya ja kalmar "kyakkyawa" sau uku kafin ta fita.

Wallahi bakina ya mutu. Kuma da gaskiyarsa. 'Ya'yan suwan dama da launin toka suke fitowa, in sun girma su yi fari. Wato tsuntsun nan ba abin da ya koya, jira kawai ya yi gashi ya sake, masu zaginsa suka koma yabo. Ni ɗana wane gashi zai jira? Har na ɗauko leda zan mayar musu da kayansu, babansa ya ce in bari mu ga sauran.

Labari na huɗu ya hana ni mayarwa. Jemage ne ya je wurin tsuntsaye suka ce wane tsuntsu ne da haƙora, ya je wurin ɓeraye suka ce wane ɓera ne da fiffike. Na zauna ina jiran inda za a rikiɗe shi, shiru, har ƙarshe jemage ne, kansa a ƙasa, ƙafa a sama. Dare kawai ya yi, duk suka rasa hanya, shi kuwa yana sakin ƙara yana sauraron amonta ya san inda bishiya take. A ƙasan shafin sun ƙara ɗan bayani: jemage shayar da 'ya'yansa yake yi, cikin masu shayarwa shi kaɗai ke tashi sama da fiffike, kuma irinsa sun haura 1,400. Washegari yaron nan ya tare babansa a bakin ƙofa ya kwashe masa duka. In'inar tana nan daram, ya dai ƙi tsayawa har ya kai aya. Na shige ɗaki don kada su ga idona.

Na hawainiya da na jakin dawa ba laifi, sauran biyun ma na manta su.

Amma ɗinkin littafin abin takaici ne. Mako biyu shafukan tsakiya suka zazzage, kuma na jemagen ne, don su aka fi buɗewa. Na agwagwar da na tsana kuwa ko motsi ba su yi ba! Wa ma ya ba su shawarar sa shi a farko? Uwar da ba ta da mai ce mata ta dakata, a nan za ta ajiye littafin.

Na liƙe na jemage da salatif, na agwagwa na haɗe su da fil. Jiya na tarar ya cire fil ɗin yana kallon hotunan, wai ɗan tsakon ya fi kyau lokacin yana toka-toka.